Lissafin da Ya Cinye Gadon Bayan Rago

A yawancin gidajen Mando, tun daga bayan sansanin alhazai har zuwa Afaka, akwai murhun gas mai kai huɗu da ya zo cikin kayan ɗakin amarya, a ƙasansa kuma akwai oben da ba a taɓa kunnawa ba. Nan ake cusa murafen tukwane, da kaskon suyar ƙwai, da ledojin da aka ce wata rana za su yi amfani. Gogan naku, wanda ba za a faɗi sunansa ba saboda hula ɗaya suke sawa da mai wannan rubutu, shi ne ya ga asarar ta isa haka, washegarin Babbar Sallar nan da ta wuce.

Wani bidiyo ne a YouTube ya zuga shi. Ba'amurke ne mai gemu ya jera yankan nama, kowanne da ɗan ƙashinsa, ya barbaɗa gishiri da masoro, ya tura oben, ya fito da su suna ƙyalli suna ɗigar romo. Sai da aka yi nisa gogan ya gane ashe naman alade ne. Ya yi a'uziyya, ya ɗan nisanta wayar daga fuskarsa, amma bai kashe ba. A fatawarsa, dabbar ce haramun, dabarar kuwa ta kowa ce. Ya haddace lambobi biyu: zafi 400, minti 20.

Ragon, balami ne, ya kwana a rataye yadda aka gada, don naman da aka yanka yanzu yakan sandare, sai ya sha iska yake sakin jiki. Da mahauci ya zo da safe, gogan ya sa aka ware masa gadon baya, aka sassara shi da ƙashinsa daidai na cikin bidiyo. Uwargida da ƙannenta suna tsakar gida da ƙaton kasko a kan itace, suna suyar da ke kai nama watanni ba tare da firji ba.

"Maigida, ka kawo mu haɗa da namu mana," in ji ta.

"Ke dai ki zuba ido. Yau Baba zai ci gashin zamani."

Baba shi ne mahaifinta, wanda zai taso daga Tudun Wada bayan la'asar. An ma riga an buga masa waya an yi masa albishir, kuma ba wani ne ya buga ba face gogan da kansa.

Ya kwashe murafai, ya shafe naman da yaji da garin ƙuli-ƙuli, ya jera a tire, ya durƙusa neman 400 a jikin makunni. Babu. Lambobin sun taso daga ƙasa, sun tsaya cak a 250. Da wani ne, da ya tsaya tambaya. Gogan kuwa ya ci lissafi a sakandare, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Ya ce abin a fili yake: an sayar wa surukansa oben mai rauni, wanda bai kai na Amurka ƙarfi ba. Idan zafi 400 yana son minti 20, to zafi 250 zai so 32. Ya cike shi 40 don kada a yi rowa. Ya tuna rago ya fi abin da Ba'amurken ya gasa tauri, ya ƙara har ya kai awa guda. Ya murɗa makunni har ƙarshe, ya rufe, ya wanke hannu, ya tafi masallaci da kwanciyar hankalin wanda ya gama aikinsa.

Lissafin bai da aibu, ma'aunin ne ba ɗaya ba. Amurkawa suna awon zafi da ma'aunin Daniel Fahrenheit, wanda ya fito da shi a 1724, inda ruwa ke tafasa a 212. Mu da kusan duk sauran duniya muna bin na Anders Celsius, masanin taurari ɗan ƙasar Siwidin, na 1742, inda ruwa ke tafasa a 100. (Shi kansa Celsius a kife ya fara tsara nasa, sifiri ne tafasa, 100 ne daskarewa, sai daga baya aka juya shi. Gogan yana samun ɗan sanyi a ransa duk lokacin da ya tuna wannan.) Zafi 400 na Ba'amurke bai wuce 204 a namu ba. Shi kuwa 250 da gogan ya raina, 482 ne a wancan ma'auni. Wato ya ba naman wutar da ta zarce ta bidiyo nesa ba kusa ba, kuma ya ninka lokacin sau uku. Tun 2011 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce yankan nama irin wannan, na rago ko na sa ko na waccan dabbar, ya nuna da zarar cikinsa ya kai digiri 63 a ma'auninmu, a bar shi ya huta minti uku. Naman gogan ya wuce 63 tun yana alwala.

Masu balangu na shataletalen Mando ba su san Celsius ba, ba su san Fahrenheit ba, amma ba wanda zai ɗora nama a waya ya juya masa baya. Suna juyawa, suna shafa mai, suna janye wanda ya yi zuwa gefen da wuta ba ta da ƙarfi, su naɗe shi a takarda ya turaru. Kitsen rago yana fara hayaƙi tun kafin zafi ya kai 250, garin ƙuli-ƙuli kuwa ƙonewa ba ta yi masa wuya.

Tun daga bakin lungu ya hango hayaƙi yana fita ta tagar kicin, a ƙarƙashinta kuma ga Baba Direba tsaye da carbi, hannu ɗaya a ƙugu.

Baba Direba maƙwabci ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tashar Mando yana jan Fijo 504 ƙirar Kaduna, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kakuri a 1975, ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba har Legas. Bai taɓa ganin cikin oben ba, yau ma ba gani zai yi ba tunda ta taga yake leƙe, amma hakan bai rage masa komai ba.

"Ɗana, tsaya! Kar ka buɗe bonet yanzu. Obahitin ta yi."

"Baba, nama ne a ciki."

"Ko mene ne a ciki. Hayaƙi kala uku ne a duniya. In baƙi ne, mai ya yi yawa. In fari ne, ruwa ya shiga inji. In shuɗi ne, tana shan baƙin mai, ringi ya mutu. Matsa in gani." Ya kanne ido ɗaya, ya shaƙa, ya yi tari. "Kai! Wannan duka ukun ne."

Game da mota, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Har maganar kar a buɗe ta dace, bisa tsautsayi, don kitse in ya kama wuta a rufe, iska yake jira. Daga nan ne shawarar ta fara gangara. Ya ce a kawo ruwa a zuba a lagireto, abin da in an yi wa kitse mai ci, wutar tashi za ta yi har rufi. Ya ce a duba ƙasa ko tana yoyo. Ya tambayi yaushe rabon da a yi mata juyen mai. Da aka ce tun da aka kawo ta ba a taɓa tayar da ita ba, ya tafa hannu ya ce to ai ga magana, injin da ya daɗe a ajiye ba a ɗora masa lodi rana ɗaya, sai an bar shi a silo ya yi ɗumi. Yana cikin labarin wata tirela da ta kama wuta a gadar Jebba, uwargida ta ratsa hayaƙin da mayafi a hanci, ta rufe tukunyar gas, ta koma kan suyarta. Ko kallon mijinta ba ta yi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da an binne shi a bayan gida. Amma Alhaji, surukin nasa, ya iso, yana falo. Kuma akwai ƙanwar uwargida, autarsu, wadda al'ada ta ba lasisin wasa da mijin yaya, ita kuwa ba ta taɓa barin lasisin nan ya yi ƙura ba. Gogan yana can yana wanke ido, ta kwashe abin da ke cikin tire, ta jera a kwanon tangaran na baƙi, ta yanka albasa da tumatir a kai, ta rufe, ta kai gaban mahaifinta.

Suruki ba a kallon idonsa. Gogan ya tsuguna daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, yana gaisuwa, saboda haka bai ga komai ba. Ji ya yi. Ya ji ƙarar murfi. Ya ji shiru, irin wanda har fankar sama ake jin tana juyi. Ya ji an ture albasa gefe. Ya ji wani abu ya gogi tangaran, ƙarar da nama ba ya yi. Ya ji "Bismillahi". Sannan ya ji ƙaras.

Ba ƙurus ɗin guringuntsi ba, ba na ƙashin da aka tauna bisa kuskure ba. Ƙaras ce busasshiya, ta tsoka da kanta, ta fito daga bakin dattijon da ya ba shi 'ya bai karɓi ko sisin da ya wuce sadaki ba. Bayanta wata ta biyo, ƙarama. Alhaji bai tofar ba. Mutumin kirki ne, ya ci gaba da tauna, a hankali, gogan yana ƙirga zanen kafet, yana addu'ar ko dai ƙasa ta tsage ko a kira sallah.

"Ikon Allah," in ji Alhaji, bayan ya kurɓi ruwa. "Kilishi ne?"

"A'a Baba, gashi ne."

"To, to, to." Ya sake kurɓar ruwa. "Ya gasu."

Ya gasu. Gogan ya juya kalmomin nan biyu ta kowace fuska, a kan gado, a kan babur, a sahun sallah, bai sami inda zai kama dattijon da laifi ba. Ba ƙarya ya yi ba, ba zagi ya yi ba. Ya ma ƙara da "Allah ya yi albarka", ya ɗauki yankan tumatir ɗaya ya ci don kada a ce ya ƙi abincin gidan. Daga bayan labule kuwa ana jin auta tana shaƙewa, tana cewa wai hayaƙi ne ya sarƙe ta.

Da magariba aka fitar wa Baba Direba nasa kason na soyayyen nama, auta ta ɗora masa yanka ɗaya na gashin zamani a sama. Ya ɗaga shi saitin fitila, ya ƙwanƙwasa a dakali, ya gwada kaurinsa da babban yatsa.

"Kar ku zubar," ya ce. "Wannan ko birkin gaba na 504 albarka. Ita kuma motar, ɗana, ka samo a-kori-kura gobe mu kai ta Panteka. Ina da yaro a can."