Hutu da Aiki a Rubutun Japan

Riɗin da ake aunawa a kasuwar Dawanau yakan tsallaka teku har Japan. To, matashin Dambatta ko Bichi da ya ce sai ya koyi rubutun mai sayen riɗin ubansa, ya ɗebo ruwan dafa kansa. Rubutun da Japanawa suke kira kanji ya samo asali ne daga Sin, kuma gwamnatin Japan ta ware baƙaƙensa guda 2,136 na amfanin yau da kullum a 2010. Yaro kan haddace 1,026 kafin ya gama firamare. Almajirin da ke kuka da baƙaƙe 28 a allo sai ya gode wa Allah.

Amma fa wasunsu kamar manomi ne ya zana su. "Hutawa" (休) mutum ne a gefen bishiya, babu ƙari. Sai dai in gawo ce bishiyar, an yi asara, domin da damina take zubar da ganye, daidai lokacin da mai noma ke neman inuwa. "Ji" (聞) kuwa kunne ne a bakin ƙofa, abin da a ƙauye sunansa laɓe.

Inda suka fi burgewa shi ne lissafin wahala. Layi 6 ake ja a rubuta hutu, aiki (働) kuwa sai an ja 13, kuma kowane layi da lokacinsa, ba a tsallake. Duk wanda ya taɓa yin huɗa da garma a watan Yuli ya san Japanawa sun yi adalci a nan.