Majalisar Taimin

A garejinmu babu aikin da ke tara malamai kamar saita taimin. A sauke injin tsohuwar akori-kura, Peugeot 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a canja ringi, a mayar da komai, ba mai leƙowa, domin aikin akwai baƙin mai. Amma da an ce saura taimin, mai shayi zai bar tukunya a wuta, mai faci ya jefar da taya, kowa ya iso da fatawarsa.

Alhali maganar gajera ce. So ake filogi ya ba da wuta gab da fistin zai kai ƙarshen hawansa, da tazarar 'yan digiri kaɗan. In wutar ta yi gaggawa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a kan tudu, kik ya yi nauyi. In ta makara, mota ta yi sanyin jiki, ta ɗau zafi, ta sha mai. Akwai alama a jikin injin, akwai kuma fitilar da ake haskawa a gani. Sai dai a wurin Oga, ɗaukar fitilar nan zubar da girma ne. Shi da kunne yake aiki.

Sai ya sassauta distirbuta, ya karkata kai, ya lumshe ido, yana murɗawa a hankali kamar mai neman tashar BBC a tsohuwar rediyo.

"Oga, ƙara gaba kaɗan," in ji mai shayi.

"Haba Malam, baya dai! Ba ka ji tana tari ba?" Wannan mai faci ne, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba.

Alhaji mai mota kuwa yana gefe, ya goya hannu a baya, yana cewa tun ranar da ya saye ta ba ta taɓa yin wannan ƙara ba. Motar ta girmi babban ɗansa.

Can sai ta yi harbi ta kafireta, majalisa ta watse. Ashe yaron gareji ne ya haɗa wayoyin filogi yadda ransa ya so, ba 1-3-4-2 ba. Oga ya kai masa ranƙwashi, sannan ya sanar da jama'a cewa man yanzu ne ba shi da kyau. A kan wannan kaɗai ake yin ijma'i.

Da can a bar mota ta sha abinta, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk digirin da kunnen Oga ya kuskure a gidan mai ake biyansa. Don haka Alhaji, in an gama, ka roƙi arziki a haska fitilar nan. In Oga ya ɓata rai, ka ce mai shayi ne ya ba da shawara.