Jinjina ga Sarki Jiya-i-yau na Ƙasar Kurfai

Ranka ya daɗe, Jiya-i-yau, sarkin da ba a naɗa ba, ba a kuma tuɓe ba. Faransawa sun zo Filinge sun tafi, an yi jam'iyya ɗaya, an yi soja, an yi zaɓe, soja ya dawo, kai kuwa kana nan kan buzunka. Duk wanda ya hau mulki a Yamai da alkawarin korar ka yake hawa, kafin ya sauka ya zama bafadenka. Mai irin wannan daɗewa ya cancanci yabo, kuma daga Kurfai ya kamata yabon ya fito, domin a nan ka fi nuna gwaninta.

Mu fara da riƙon amanarka. Filinge, babban garin Kurfai, tana cikin Dallol Boso, tsohuwar hanyar ruwan da ta gangaro daga Azawak zuwa kogin Kwara. Kogin ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani, amma ruwansa na nan kwance ƙarƙashin yashi, a wurare da yawa cikin kwarin ba sai an yi haƙa mai zurfi ba. Ka tsare mana shi tsaf. In ban da 'yan lambunan da mata ke ba ruwa da guga har kafaɗa ta sage, ba ka bari an taɓa shi ba. Manomi ya yi damina ta wata uku, ya sa hatsinsa a rumbu, kafin bazara rumbun ya zama wayam. Kakansa ya tafi Kumasi da ƙafa neman kuɗin haraji, shi kuma ya tafi Abijan ko Legas ko Libiya a mota, da waya a aljihu. Ka ga ci gaba ke nan, irin na mai haƙar rijiya. Arewa kaɗan da gari, a Tukunus, an yi shekaru da yawa ana zaɓen shanun Azawak, waɗanda suka yi suna wajen nono a duk Afirka ta Yamma, ga cuku mai kyau, amma ka tabbatar da cewa madarar gari ta Turai ce ta cika kantunan Yamai. Madalla da wannan adalci, ba ka bar manomin Turai ya yi asara ba.

Likitoci ne kaɗai ba su san darajarka ba. Su a wurinsu duk abin da ya tsaya a jikin mutum masifa ne. Jini ya tsaya a jijiya, ya daskare. Hanji ya daina motsi, sai a garzaya asibiti. Ruwan sama ya kwanta a kududdufi, sauro ya yi ƙwai, daga Agusta zuwa Oktoba yara su cika gadaje da masassara. Mafi muni a wurinsu shi ne naƙuda ta tsaya. Kan jariri ya maƙale a ƙugun yarinyar da ƙashinta bai gama buɗewa ba, ya danne mafitsara da ƙashi yini da kwana, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki wurin ya huje. An binne jaririn, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari, tabarmarta kullum a jiƙe, kishiya na toshe hanci, miji ya ce ta je gida ta huta tukuna. Likita ya ce da an kawo ta cikin sa'o'i kaɗan da an fiɗɗa ɗan da rai. Bai san cewa kai ka tsara tafiyar ba: a jira mai gida ya ba da izini, a jira gari ya waye, a ɗaura jaki a amalanke, a bi yashi. Tun wajen 2006 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Ka karɓi dokar hannu bibbiyu, sannan ka zauna a kan kuɗin da ya kamata a mayar wa asibitoci, har kantar magani ta koma fayau, aka koma miƙa wa uba takarda ya je ya sayo.

A farkon 2020 aka hana hawan moto a sassan jihar Tilaberi saboda 'yan bindiga da moto suke kai hari. A watan Janairun shekarar aka kashe sojoji 89 a Shinagodar, a Maris na 2021 aka kashe mutum 58 a yankin Banibangu, cikinsu har da masu dawowa daga kasuwa. Dokar tana da dalilinta, amma kai ka ci ribarta. Ɗan kabu-kabu ya tsaya, mai kai mara lafiya ya tsaya, kasuwa ta yi sanyi, makarantu da dama sun rufe. Masu kisan ne kawai ka bar wa 'yancin yawo.

A fagen magana kuwa ba ka da na biyu. Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan ƙasar Filinge, ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 da hujjar cewa ana wasa da abincin agaji alhali jama'a na mutuwa da yunwa. Aka sha alwashin ƙasa za ta ciyar da kanta. Fari ya dawo a 1984. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin gona, Shugaba Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a Nijar. A 2012 aka ƙaddamar da shirin 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar. Jawabi ɗaya ne ka ba su aro, kowa ya shafe sunan na gabansa ya rubuta nasa, maroƙa ma ba su sake kiɗa ba, suna kawai suka sauya. Madatsar ruwan Kandaji da ke kan Kwara, a wannan jiha tamu, tun shekarun 1970 ake zancenta. An aza tubalinta a 2008, an sake ƙaddamar da aikin a 2019. Da Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, Yamai ta kwana a duhu tana jiran megawat 130 da ke cikin takarda.

Sau ɗaya Kurfai ta nemi kunyata ka. Wajen 1925 wata mata mai suna Shibo, 'yar Shikal, ta fara hawan wasu sababbin iskoki da aka kira Babule ko Hauka, masu faretin soja da tsawa irin ta kwamanda. Matasa suka bi ta, suka juya wa sarki da Nasara baya. Kwamandan Faransawa, Kurocikiya, ya sa aka kwashe su zuwa Yamai aka kulle. Abin bai mutu ba, ya bi 'yan ci-rani har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗin da ya fito a 1955. A nan ka nuna kai ma ɗan fasaha ne. Ka mayar da boren talakawa hoto, malaman jami'o'in Faransa da Amurka suna ta kallo suna rubutu, ba wanda ya tambayi abin da jikokin Shibo suka ci jiya da dare. Hoto na biyu da ka zaɓar mana shi ne na yaro mai kumburarren ciki a cinyar uwarsa. An ɗauke shi a 1973, an sake ɗauka a 2005, kuma bai tsufa ba.

Babban makaminka kalma biyu ce, sai haƙuri. Ka ɗauki ɗabi'ar da addini ya yaba, wadda ake yi a kan abin da ya fi ƙarfin bawa, ka shimfiɗa ta a kan rijiyar da ba a haƙa ba da motar asibitin da ba ta da mai. Haƙurin da Allah ya yi umarni da shi bai hana kowa ɗaure raƙuminsa ba, kuma duk matar da ta mutu a amalanke ba ƙaddara kaɗai ta kashe ta ba, da hannun mutane a ciki.

'Yan'uwana Kurfayawa, na gida da na ci-rani, ranar da wani babba zai sake zuwa Filinge da almakashi da tubali, a ba shi ruwa ya sha, sannan a tambaye shi a bainar jama'a ranar da aikin zai ƙare, da nawa aka ware, da sunan wanda za a kama idan bai ƙare ba. A rubuta amsar, a liƙa ta a ƙofar ofishin magajin gari.