Gudun da Ba Ya Kai Ka Gida

A gwanjon motoci na Barrett-Jackson, wanda ake yi a Scottsdale ta Amurka duk watan Janairu, akwai abin kallo. Bawan Allah ya ƙarar da dukiya kan motar tsere. Ya cire kujerun baya da rediyo da iyakwandishan, wai a rage nauyi. Ƙarafa sun gitta ƙofa, shiga sai da atisaye. Gudu kam, ba a magana.

Sai ga Camaro ƙirar 1969, sabon inji, kujerun fata, sanyi har ƙashi. Nan attajirai ke rige-rigen ɗaga hannu. Ƙarfin inji suke so, ba shakka, amma shan kofi za su je da uwargida.

Gwanar gudun kuwa, doka ta hana ta hawa titi. A tirela ake kai ta gida.