Ganga ta Wani, Taska ta Alhaji

A da, idan mawaƙi ya fito fili, hannun da ya ɗaga sama kuɗi ne a cikinsa. Yanzu hannu ɗari ke tashi lokaci guda, kowanne riƙe da waya. Mawaƙi ya duba ko'ina bai ga fuska ba sai bayan Tecno da Infinix, mai liƙi kuma ba ya zaro kuɗi sai yaronsa ya tabbatar masa cewa kyamara ta kama shi. Wanda ya biya kuɗin ƙofa, ya sha turereniya, a ƙarshe ta allon wayarsa ya kalli wasan. Abin da ya koma gida da shi hular mutumin da ke gabansa ce, da kukan janareta, da muryarsa shi kansa yana bin amshi ba bisa kiɗa ba. Kafin ya kwanta ya tura zauren WhatsApp ya rubuta: "Ku yi haƙuri da sauti." Mutum arba'in suka aiko sitikar jinjina. Ba wanda ya buɗe, data ta yi tsada.

Waɗannan dai yara ne a harkar. Manyan suna zaurukan masoya tsofaffin waƙoƙi, inda ake musayar wasannin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge, waɗanda aka naɗa a gidajen biki da filayen wasa tun zamanin kaset. Kuma kada a raina abin. Shata, wanda ya rasu a 1999, ba da takarda yake zuwa fili ba; abin da idonsa ya gani nan take shi ke shiga waƙa. Wani attajiri ya shigo, an sa shi. Wani ya yi rowa, ya ji a jikinsa. Shi ya sa Bakandamiyar da aka yi a wannan dare ba ita ce ta wancan dare ba, kuma wanda ya rungumi rikoda a gefen makaɗa ya tsirar da abin da ba za a sake yi ba. Har nan ba ni da ja. Rigimata da magadan mai rikodar ce.

Babbansu shi ne Alhaji Mai Taska. Ka kuskura ka tura wani wasa ba ka ambaci sunansa ba, kafin ka ajiye waya saƙon murya mai tsawon huɗuba ya iso: "Malam, ka ji tsoron Allah. Wannan daga taskata ta fito, ni na wahala a kanta." Wahalar kuwa ita ce, ya karɓo ta wajen mai turi a bakin tasha, shi kuma ya kwafa daga kaset ɗin wani tsohon direba, direban ya naɗa daga na surukinsa. Mawaƙin da ya fasa maƙogwaro, da makaɗan da suka matse kalangu a hammata har asuba, da 'yan amshi, duk ba sa cikin rabon gado. Don kada a sake yi masa sata, Alhaji ya koyi dabara: yana dasa muryarsa a tsakiyar waƙa. Daidai inda kiɗa ya yi daɗi, mawaƙi ya ja numfashi zai saki baitin da kowa ke jira, sai ka ji wata murya mai mura tana sanar da kai daga taskar wa wannan ta fito, da lambar da za a kira. Idan bidiyo ne, sunansa ke yawo a goshin mawaƙi daga farko har ƙarshe.

Yana da wani wasa kuma da duk duniya ba mai shi. Kullum yana maganarsa. Sau ɗaya a shekara yakan saki sakan talatin, ya ce sauran sai lokaci ya yi.

Bayansa sai masana tarihi. Su ba sauraron waƙar suke yi ba, abin da ke bayanta suke kasa wa kunne. Ɗaya ya ce a Funtuwa aka yi wasan, shaidarsa hon ɗin wata babbar mota da aka ji daga nesa. Na biyu ya ce sam, Kano ce, domin ya gane tarin wani maroƙi. Na uku, wanda aka yi sunansa bayan mawaƙin ya bar duniya, ya rantse babansa na wurin, shi ne ma mai tarin. A kwana ana wannan, a wuni ana yi, har shugaban zaure ya cire mutum ɗaya saboda rashin ladabi. Washegari wanda aka cire ya buɗe nasa zauren da suna iri ɗaya, ya ƙara "na asali" a ƙarshe, ya kwashi rabin jama'a da dukan kayan.

Wanda ke zaton mu kaɗai ke da wannan ciwo bai ji labarin masoyan Grateful Dead ba, wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka da ta yi wasa fiye da 2,000 tsakanin 1965 da 1995, ita ma ba ta maimaita wasa yadda ta yi shi jiya. A 1984 suka ware wa masu naɗi wurinsu na musamman a cikin fili, kowa ya kafa sandar makirfonsa. Sharaɗi ɗaya ne: a yi musaya, kada a sayar. Masoya suka riƙa aika wa juna kaset ta gidan waya, kowane naɗi da salsalarsa kamar dokin sarki: wane irin makirfo, wace rikoda, hannu nawa ya bi kafin ya iso gare ka. Mai mayar da naɗi MP3 ya shigar da shi musaya kuwa, a wurinsu ya yi abin kunya. Da intanet ta zo, aka tara dubban wasannin a rumbun Internet Archive. A Nuwamban 2005 masu kula da harkar ƙungiyar suka sa a rufe saukewa, sai masoya suka tashi da takardar koke da barazanar daina sayen kayanta. Cikin 'yan kwanaki aka sassauta: naɗin 'yan kallo ya dawo a sauke, wanda aka ɗauka kai tsaye daga na'urar sautin makaɗa kuma sai dai a saurara a can. Wato mai kiɗa ya nemi ya taɓa kiɗansa, baƙi suka buge masa hannu. Su dai aƙalla an ba su izini. Namu Alhajin bai taɓa tambayar ko iyalan mawaƙi na da rai ba.

Ranar da za ka tausaya masa ita ce ranar da memori ya ƙone, ko wayar ta faɗa cikin bokitin wanki. Taskar duk a wuri ɗaya take, domin bai yarda da kowa ba balle ya ajiye kwafi. Da sassafe sai ga saƙo da murya ƙasa-ƙasa: "'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa ɗaukar wani abu daga wurina, na yafe masa duniya da lahira, don Allah ya turo min." Ɓarayin jiya suka yi ta zuba masa kaya. Ya buɗe na farko, ya ji muryarsa tana sanar da taskarsa a tsakiyar waƙa, sai wata murya ta biyo baya da tata taskar, sannan ta uku tana tallan maganin basir. Ya rubuta wa wanda ya turo: "Ba ka da mai tsabta, wadda ba a yi surutu a kai ba?"