Taƙaitaccen Bayani Kan Ilmin Musun Aku, Bisa Tafarkin Malaman Titin Koudoukou

Ka sani, ya kai mai neman sani, Allah ya buɗa maka, ilmin littafi iri biyu ne. Akwai sanin abin da marubuci ya rubuta. Wannan ƙaramin ilmi ne, ko ɗan firamare yana samunsa in an miƙa masa littafin. Akwai kuma sanin abin da marubuci bai rubuta ba, wanda da ya yi shawara da mu da ya rubuta. Wannan shi ne babban ilmi, kuma ba ya samuwa sai an haɗa abu uku: benci, butar shayi, da mutumin da ba ya yarda. A kansa za mu yi bayani, kamar yadda ake karantar da shi bayan sallar isha'i a titin Koudoukou, cikin unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.

Fasali na ɗaya: abin da ake musu a kansa

Tushen fannin shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littattafai uku da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar tsakanin 1937 da 1939. A na farko Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, mai kwaɗayin gadon sarauta, ya ƙulla yadda yaron zai fita ya faɗa hannun abokan gaba, wani aku da ke fada kuwa ya riƙa tsare shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Da asiri ya tonu, aka ba aku wazirci. A na biyu Waziri Aku ya yi gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar baki.

Iyakar abin da ke rubuce ke nan, kuma mun ambace shi ne don sauke nauyi.

Fasali na biyu: abin da ya sa fannin ya fi bunƙasa a Bangui bisa Kano

A Kano musu ba ya tsufa. Mutum biyu na fara ɗaga murya, na uku zai aiki yaro Sabon Gari ya sayo littafin, a buɗe, a karanta, kowa ya kama gabansa. Wannan babbar asara ce ga ilmi.

A Bangui Allah ya tsare mu daga wannan. Kafin littafi ya iso sai ya ratsa Kamaru, ya bi Garwa da Ngaundare, ya tsallaka iyaka a Garwa-Bulai, ya wuce Buwar a ƙarƙashin kujerar direba, tsakanin jarkar mai da buhun albasa. Duk inda aka yada zango wani zai ara. Kwafin da ya tsira ya iso unguwa bangonsa ya tafi, an ɗinke bayansa da zaren buhu, farkonsa ya fara daga tsakiyar jimla, a cikinsa kuma akwai shafin da man tsire ya ratsa har kana hango rubutun bayansa ta gabansa. Su ma shafukan da suka ɓace an san inda suka tafi: mai tsire ya naɗe nama da su, shi kuwa ba ya karatun boko.

Saboda haka mafi yawan malaman fannin ta kunne suka ɗauki karatu, kuma suna kiyaye silsilarsu. Za ka ji dattijo ya ce: na ji daga kawuna, shi kuma daga wani direban tirela, shi kuma daga wani mutum da ya ga littafin da idonsa a Garwa. Daga nan aka fitar da babbar ƙa'idar fannin, wadda ba a saɓa mata: gwargwadon yawan shafukan da suka ɓace, gwargwadon ƙarfin hujja.

Fasali na uku: manyan mas'aloli huɗu

Mas'ala ta farko: ɗan wace ƙasa ne aku? Jama'a sun rabu gida biyu. Gidan farko, su ne masu rinjaye, sun ce ɗan Afirka ta Tsakiya ne haifaffen dajin Lobaye. Hujjarsu ita ce aku mai launin toka da jan bindi, wanda duniya ta sallama masa wajen kwaikwayon maganar mutane, a dazukan wannan yanki yake, daga Lobaye har Dzanga-Sangha. Balaraben da ya kawo shi fada a keji dillali ne kurum, kuma duk wanda ya zauna a Kilomita Biyar ya san dillali ba ya faɗin inda ya samo kaya. Sun ƙara da cewa a 2016, a taron da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya sun haramta fataucin wannan aku na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ma'ana da a yau ne, da an tsare Balaraben a kan iyaka, da Musa ya fita tun daren farko, da littafin bai wuce shafi ashirin ba.

Gida na biyu sun ce Ba'indiye ne. Suna kafa hujja da cewa tun ɗaruruwan shekaru Indiyawa ke da littafin Shuka Saptati, inda aku ke hana matar wani attajiri fitar dare da labarai saba'in, kuma a ƙarni na 14 Nakhshabi ya sake tsara shi da Farisanci da sunan Tuti Nama. Masu nazarin adabi a jami'o'i ma sun daɗe da nuna cewa Imam ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas ya yi musu riga da hula. Gidan farko ba su musa wannan ba. Sun dai ce akun Indiya matar aure ya tsare, bai samu ko goro ba, namu kuwa ɗan sarki ya tsare aka naɗa masa rawani, saboda haka bambancin tarbiyya a fili yake. Da an ga shafin da ake kyautata zaton ya faɗi launin gashinsa da an huta, to yana cikin waɗanda suka tafi wurin mai tsire.

Mas'ala ta biyu: aku mai gaskiya ne, ko kuwa shi ne babban makirin? Wannan ita ce mai tsinka zumunci. Masu tuhumarsa 'yan kasuwa ne galibi, kuma tambaya ɗaya suke yi: wa ya ci riba? Tsuntsu ya shigo fada a keji, ba dangi, ba ubangida. Kafin littafi ɗaya ya ƙare ya kori mutum daga kujera ya hau. A na biyu ya je ya kara da wanda zai iya yi masa kishiya. A na uku ya fara shirya ɗansa. In wannan ba siyasa ba ce, in ji su, to ba su san siyasa ba, alhali sun ga juyin mulki iri-iri tun zamanin Bokassa. Sun yarda Waziri mugu ne, sai dai sun ce laifinsa babba shi ne rashin iya baki.

Ga misalin yadda ake tafiyar da wannan darasi, don ɗalibi ya ga tsarin:

"Allah gafarta Malam, ai aku rai ya ceta."

"Ɗana, wa ya ba ka labarin ya ceci rai?"

"Littafin mana."

"To littafin, bakin wa ya fi yawa a ciki?"

"Na aku."

"Zuba mini shayi."

A wannan fanni "zuba mini shayi" daidai yake da rufe babi.

Mas'ala ta uku: shin duniyar littattafan ɗaya ce? Wannan ra'ayin matasa ne, amma yana da ƙafafu. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma Bello wan Imam ne. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja a Kwantagora yake ba da labarinsa. Ganɗoki jarumin Kwantagora ne. Gari ɗaya, gida ɗaya, shekara ɗaya. Saboda haka, in ji su, ba zai yiwu a ce Ganɗoki bai taɓa haɗuwa da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a kasuwa ba, kuma ba zai yiwu su haɗu Zurƙe bai yi yunƙurin damfararsa ba. Abin da ya rage a tantance shi ne yawan haƙoran da Zurƙe ya tsira da su.

Daga wannan mas'ala wani reshe ya tsiro: ina Ruwan Bagaja yake? Masu kishin ƙasa sun ce gangaren ruwan Boali ne da ke kan kogin Mbali, inda ake samo wutar lantarkin Bangui. Hujjarsu ita ce duk abin da ya fito daga hannun aljannu yakan bayyana ya ɓace ba sallama, kuma kowa shaida ne a kan halin wutar. Wasu suka ce kogin Ubangi ne da kansa. An raunana wannan, domin da ruwansa na warkar da kowace cuta da masu sayar da magani a kasuwar Kilomita Biyar sun daɗe da komawa sayar da atamfa.

Mas'ala ta huɗu: littafi na huɗu. Imam ya rasu a 1981 bai fitar da shi ba, kuma babu inda aka ce ya yi alkawarinsa. Malamai sun ɗauki wannan shiru a matsayin hujja mafi ƙarfi cewa akwai shi, domin abu mai daraja ba a tallarsa. An yi saɓani kan abin da ke ciki. Wasu sun ce Fasih ya gaji wazirci ya lalata shi, kamar yadda aka saba gani a 'ya'yan manya. Wasu sun ce zuriyar tsohon Waziri ce ta dawo da kyanwa.

A nan ya kamata a jajanta wa mutanen Amurka. Marubucinsu George R. R. Martin ya fara jerin littattafansa na sarakuna da dodanni a 1996, ya fitar da na biyar a 2011, ya bar masu karatu suna jiran na shida, suna ta lissafin wane ne uban wane. An yi fim ɗin Game of Thrones an gama a 2019 littafin bai zo ba. Muna ba su haƙuri, muna kuma tuna musu cewa su yara ne a harkar. Mu tun 1939 muke jira, ba mu taɓa zagin marubuci ba. Ko littattafan yaƙi na Kano, irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, da ke fitowa kashi-kashi, sau da yawa na ɗaya da na uku ne ke isowa, na biyu ya maƙale a hanya. Jarumin da aka bari a bakin kogon aljani sai a tsince shi ya yi aure har da 'ya'ya. Cike wannan giɓi shi ne jarrabawar shiga fannin.

Fasali na huɗu: fitinar waya

A 'yan shekarun nan an samu yara masu zaro waya ana tsakiyar darasi, su ce ga littafin nan a intanet, ko ga wani yana karanta shi a YouTube, a saurara a ji. Malamai ba su firgita ba. Sun yi bayani cewa na cikin waya bugun baya ne, an taɓa shi. In yaro ya ce hoton tsohon bugu ne, sai a tambaye shi ko yana wurin aka ɗauki hoton. In ya nace, sai a aike shi sayo sukari a shago mafi nisa.

Fasali na biyar: fa'idar wannan ilmi

Jahili zai ce ɓata dare ne. Amsarsa tana cikin littafin da kansa. Aikin aku bai wuce guda ɗaya ba: saurayi ya ɗaura ɗamara zai fita inda za a hallaka shi, sai a ce masa tsaya ka ji. Ba a hana shi da ƙarfi, don saurayi ba ya hanuwa. Labari ake ba shi, ya ce a ƙarasa, kafin a ƙarasa an kira asuba.

Mutanen Kilomita Biyar ba sa bukatar a fassara musu wannan. Daga Disamban 2013, da rikici ya ɓarke a Bangui, dubban Musulmi suka yi hijira zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma unguwar ta zame musu iyakar duniya, tsallake titi ɗaya na iya zama tafiyar da ba dawowa. A cikin wannan hali Paparoma Francis ya zo babban masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamban 2015. A irin wannan zamani, dattijon da ya iya riƙe saurayi mai tafasar jini a kan benci har dare ya raba, yana ja masa rai kan ko aku Ba'indiye ne, ya yi aikin waziri ko ba a naɗa shi ba. Shi ya sa ba a son mas'ala ta warware. Mas'alar da ta warware ta sallami jama'a, wadda ba ta warware ba kuwa tana dawo da su gobe, kuma ana ƙirga su a ga sun cika.

Khatima: ladubban ɗalibi

Wanda zai shiga wannan fanni ya kiyaye abu huɗu. Kada ya zauna kusa da buta a daren farko, wurin manya ne. Kada ya ce "na karanta", ya ce "an ce", ya fi kwarjini. In hujjarsa ta ƙare ya koma Sango ko Fulatanci ko Larabcin Cadi ya maimaita ta da ƙarfi, sau da yawa takan dawo da rai. Na huɗu, kuma shi ne ginshiƙi, ya san cewa bisa al'adar majalisa wanda ya yi nasara a musu shi ke biyan mai shayi kuɗin daren gaba ɗaya, har da na burodi. Masana sun tabbatar wannan doka ba ta da alaƙa ko kaɗan da kasancewar har yau ba a samu wanda ya yi nasara ba. Allah shi ne masani.