Masu kallon zanen Japan da masu hararsa a Tanut

A Damargu, gardamar da ke bin ta farashin hatsi zafi ita ce ta finafinan zanen Japan da samari ke kallo a salula. Mutanen wannan rigima iri-iri ne.

Akwai Baba Ai-Zane-Ne. A wurinsa duk abin da aka zana da hannu na yara ne, kuma gardi mai gemu da ya zauna kallonsa ya bar gonar ubansa ba noma. Sai dai ka ambaci Sholay na 1975, nan take zai gyara zama ya ba ka labarin yadda Amitabh Bachchan ke zubar da ƙarti, bai kuwa ga ƙarya a ciki ba.

Akwai Malam Naruto, sarkin fada da shayi. Ya kalli kashi 720 cif, zai jero maka sarautar Hokage daga na farko har na bakwai ba tuntuɓe. Tambaye shi sunan kakan kakansa, ko shekarar da Belbeji ta zama departama, sai ya ce shayin ya kusa ƙonewa. A 2011 ne, malam.

Ɗan One Piece kuwa tausayi yake ba ni. An fara nuna fim ɗin a 1999, ya haura kashi dubu, har yau jaruminsa Luffy bai samu dukiyar da yake nema ba. Mutuminmu ya soma kallo yana lakwal, ya yi aure, ya yi suna sau uku, yana jira.

Tsohon ɗan kokowa shi ne mai sukar da ta fi hujja. Ya ce wannan Goku na Dragon Ball sai ya share kashi guda yana ihu, gashinsa na canza launi, bai kama ƙafar kowa ba. A filin kokowar neman takobi, da tuni alƙali ya busa masa usur.

Mai turin fim na bakin tasha ba ruwansa da ɓangare. Ya yi cajin salula, ya cika kati, ya karɓi dalolinsa. Kowane mai tsayayyen gashi Goku yake ce masa.

Sai Mushe mai fuska biyu, ɗan shekara arba'in da ya girma da Olive et Tom. Da rana ya ƙwace salular ɗansa, ya ce karatu ya lalace. Da dare, in an kawo kuran, shi ke ƙarasa kashin da yaron ya bari. Ranar da aka ba da labarin mutuwar Akira Toriyama, mai Dragon Ball, a watan Maris na 2024, ya wuni shiru, uwargida ta zaci ciwon kai ne.

Wanda ba ya ba ni dariya shi ne uban da ke miƙa wa ɗan shekara bakwai salula don ya huta da kuka, yana zaton duk Tom and Jerry ne. A Japan ana raba waɗannan labarai da shekaru: na yara daban, na samari daban, na manya daban, wani kuma, kamar Attack on Titan, jini ne da cin mutane. Baba, ka rage raina zanen, ka zauna ka kalli kashi ɗaya kafin ka bar wa yaro.